Rigakafin yara a asibitocin unguwa na Kano: allura na nan, rajista ce ke buƙatar mai unguwa

Mai son ya auna aikin rigakafi a ƙananan asibitocin birnin Kano, daga Dala zuwa Kumbotso, ya bar ƙirga matan da ke kan benci, ya nemi a buɗe masa babban littafin rajista. A nan ake ganin yaron da ya fara, da wanda ya kammala, da wanda ya ɓace a tsakani.

Ta fuskar allurar kanta, abin a yaba ne. Kyauta ce, kuma jadawalin a bayyane yake. Ranar haihuwa ana ba da BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan-inna, da ta ciwon hanta, wadda aka fi so a yi cikin awa 24. A sati 6 da 10 da 14 sai Penta, mai kare cututtuka biyar da suka haɗa da mashaƙo da tarin shiƙa, tare da ta namoniya da ɗigon gudawa. A wata 9 ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Ƙorafin da aka fi ji shi ne a ce wa uwa ta dawo wata rana, kuma yana da dalili: kwalbar BCG ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10, da zarar an haɗa su da ruwansu kuma ba sa wuce awa 6 sai a zubar. Shi ya sa wasu wurare ke ware musu rana. Sai dai uwar da ta biya kuɗin adaidaita aka mayar da ita, ba lallai ta sake fitowa ba.

Rubutun kashi uku ne: katin da uwa ke riƙewa, littafin da ke zama a asibiti, da takardar ƙirga da ake yi wa zane duk lokacin da aka yi allura. Ƙarshen wata a haɗa jimilla a aika ƙaramar hukuma, a shigar a DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman lafiya a cikinta. Tsari ne mai kyau, amma yana da makanta guda: wanda ya zo kawai ya sani. Jaririn da aka haifa a gida cikin lungu, ba a taɓa kai shi ba, babu shi a ko'ina. Irin waɗannan yara ne mashaƙo ta fi samu lokacin da ta ɓarke a 2023, Kano ce kuma ta fi kowace jiha jin jiki.

Nan ne haɗin gwiwa da masarauta ya yi rana. Tun bayan dakatar da ɗigon shan-inna a 2003 aka gane cewa ma'aikacin lafiya shi kaɗai ba ya buɗe ƙofar gida, sai da sarakuna da malamai. Daga baya jihar ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Dangote da ta Bill Gates kan rigakafin yau da kullum, aka kuma sa masu unguwanni rubuta jariran da aka haifa a yankinsu, rahoto ya bi ta hannun dagaci zuwa hakimi. Hikimar a fili take. Ungozoma ta san ranar haihuwa, wanzami yana gidan ranar suna, liman shi ya raɗa sunan. Ba a haihuwa a unguwa ɗayansu bai ji ba.

Inda ake yin abin da gaske, mai unguwa yakan kawo littafinsa a zauna da mai kula da rigakafi wata-wata, a jera shi da na asibiti, suna bayan suna. Wanda ke littafin unguwa amma babu shi a na asibiti, ba a fara masa ba. Wanda ranar dawowarsa ta wuce, a ba matan sa-kai masu shiga gida-gida sunansa. In maigida ne ya hana, galibi saboda zazzaɓin da yaro ya yi bayan Penta ta farko, wannan ba maganar mata ba ce, mai unguwa ne zai same shi a ƙofar gida bayan sallah. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne, da an gaya wa uwa tun a asibiti da rigimar ba ta taso ba.

Abin da ke ɓata littafi kuwa ƙananan abubuwa ne. Na farko suna. Jaririn da aka yi wa BCG kafin kwana bakwai ba shi da suna, sai a rubuta na uwarsa. Bayan sati 6 ya dawo a matsayin Muhammad, a gida kuma Abba ake ce masa saboda sunan kakansa ya ci. In ba a zo da kati ba, sai a buɗe masa sabon layi, yaro ɗaya ya zama biyu, ɗayan kuma a riƙa nemansa a matsayin wanda ya daina zuwa. Maganin a rubuta sunan uwa da na uba da lambar waya tun ranar farko, a kuma nemo yaro ta watan haihuwarsa.

Na biyu ya fi wuya, kuma ba a cika kula da shi ba. Mai haihuwar fari takan tafi wankan jego gidan iyayenta, ta koma ɗakinta bayan arba'in. Penta ta farko kuwa a kwana 42 take. Ke nan an rubuta jariri a Gwale, lokacin allura na yi yana Rijiyar Zaki ko Hotoro. Asibitin farko zai ɗauka ya ɓace, na biyu zai karɓe shi kamar sabo, littattafan takarda kuma ba sa magana da juna. Tambaya ɗaya ce ke toshe wannan: "Hajiya, nan ne gidanki ko wanka kika zo?" A rubuta unguwar mijin a gefe. Haka masu gidan haya da ke tashi duk shekara, da adireshi irin "bayan masallaci" a unguwar da ke da masallatai goma. Sunan mai unguwa ya fi kowane kwatance amfani.

Akwai lissafi mai sauƙi da kwamitin mutanen mazaɓa mai sa ido kan asibitinsu zai iya yi da kansa. A ɗauki yawan waɗanda suka karɓi Penta ta farko, a cire waɗanda suka kai ta uku. A ce 200 suka fara, 150 suka kammala, an rasa kashi 25 cikin 100 ke nan, alhali duk abin da ya haura kashi 10 alamar matsala ne. Takardar ƙirga ba za ta faɗi su wane ne hamsin ɗin ba, sai littafi.

Hukuncinmu: allura da ajiyarta sun fi rubutu inganci, rubutun kuma ya danganta ga yadda mai unguwa ya ɗauki abin. Aikin sa-kai ne, in ba a leƙa littafinsa wata biyu ko uku, biro zai bushe. Ga iyaye, a ɗauki hoton katin a waya bayan kowace allura, a tafi da shi duk asibitin da ya fi kusa. Yaron da ya tsallake lokaci ba a sake masa daga farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa.