POS ɗin banki, na kamfani, ko Paystack: wanne ya dace da shagonka?

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai shagon da ba ya karɓar kati yana ji yana gani ciniki zai wuce shi ya tsaya a shagon maƙwabci. Katin bashi, wanda banki ke ranta wa mutum kuɗi ya biya da ruwa, bai yaɗu a nan ba, da yawanmu ma gudunsa muke yi saboda riba. Abin da za a miƙo maka katin ATM ne: Verve, Mastercard, Visa, ko AfriGo da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Janairun 2023.

Mu fara da caji. A 2019 Babban Banki ya rage abin da ake cire wa ɗan kasuwa a cinikin POS zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, kuma ba zai wuce naira 1,000 ba. A wannan lissafi na 2019, dillalin atamfa a kasuwar Kwari ta Kano da ya sayar da kayan 200,000 za a cire masa 1,000, in ya sayar da na 500,000 ma 1,000 ɗin ce dai. Mai shayi kuwa, cinikin 2,000 naira 10 ce kacal. Tunda cajin bai taka kara ya karya ba, ba a kansa ya kamata ka tsaya dogon ciniki ba. Abin tambaya shi ne yaushe kuɗin zai shigo hannunka.

A nan banki da kamfanoni irin Moniepoint, OPay da PalmPay suka raba hanya. Na'urar banki an saba kuɗinta sai ranar aiki ta gaba, wato cinikin yammacin Juma'a yana iya kwana har Litinin. Na kamfanonin nan take yake faɗawa asusunka. Wanda ke saro kaya kullum da asuba, kamar mai tumatir ko mai burodi, ba zai iya jiran Litinin ba. Amma babban shago mai asusun kamfani da akawu, wanda ke son wata rana ya nemi jari a banki, yana da dalilin barin cinikinsa ya riƙa bi ta can. Ka tambayi wakilin kamfani abu biyu kafin ka sa hannu: kuɗin na'urar saye ne ko ajiya, kuma akwai adadin cinikin da in ba ka kai ba za su karɓe kayansu? Za a kuma nemi BVN ko NIN, sannan tun 2024 ake matsa wa masu POS su yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Ni dai abin da ya fi ɗaga min hankali matsalar sabis ce. Ranar nan a shagon yayata wata Hajiya ta sa kati, na'ura ta fito da rasit cewa ciniki bai tafi ba, ga kuma alat a wayarta an cire 38,000. Ta ce, “’Yar nan, ga shi fa an cire.” Yayata ta ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi bai shigo ba.” Leshin da ta zaɓa yana kan teburin shago an riga an ɗaure shi a leda, haka aka mayar da shi. Sai bayan kwanaki kuɗin ya koma mata, ita kuma ba ta sake leƙowa ba. Shi ya sa kafin ka zaɓa, ka zaga layinku ka tambayi maƙwabta uku wace na'ura ce ba ta cika yi musu haka ba, kuma wa ke ɗaga waya idan ta yi. Sabis ɗin Sabon Gari daban, na Dawanau daban.

Mai sayarwa ta WhatsApp ko Instagram ba ta buƙatar na'ura. Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020, yana ba da mahaɗin biya da za ki tura wa mai saye. Cajinsa a katin gida kashi 1.5 ne da ƙarin naira 100, ba ya wuce 2,000, kuma ana yafe ɗarin idan ciniki bai kai 2,500 ba. Ki lura da wannan iyakar: turaren wuta na 2,000 naira 30 za a cire, na 3,000 kuwa 145, kusan kashi 5. Inda ya fi amfani shi ne katin waje, a kan kashi 3.9 da naira 100, idan ’yar uwa a Ingila na son kilishi ko lalle. Flutterwave ma irin aikin yake yi, sai ki gwada farashinsu na ranar da za ki buɗe. In kuwa masu sayenki duk ’yan gari ne, taransifa ta wadatar, muddin ba hoton rasit za ki yarda da shi ba sai kin buɗe manhajarki kin ga kuɗin da idonki.