Masu sayar da 'yan kwikwiyo a keji a Zariya

Wasu masu kiwon karnuka don kuɗi kan raba kwikwiyo da uwarsa tun yana mako 5, alhali sai ya kai mako 8 ya kamata. Uwar kuma ba hutu, haihuwa kan haihuwa har ta rame. A cunkoson keji cutar parvo ke yaɗuwa: amai, gudawa da jini, kwana kaɗan sai mutuwa.

Kafin ka biya, nemi ganin uwar da katin rigakafi mai sa hannun likita. Allurar farko daga mako 6 ce, ta haukan kare sai wata 3. Duba dasashin kwikwiyon, in ya yi fari, zargi tsutsar ciki ko kaska. Mai sayarwa ya ƙi a kai shi asibitin dabbobi na ABU a duba? Bar masa kayansa.