Lucas 576 ko Cibié Super Oscar: wacce ta dace da Peugeot 504 ta tseren rali?

Wani ɗan uwa a zauren nan yana gyara Peugeot 504 ƙirar shekarun 1970, yana so ta fito da kamannin motocin rali na lokacin. Ya samu tsofaffin fitilun ƙari iri biyu, Lucas 576 guda biyu da Cibié Super Oscar guda biyu, shi ne yake tambaya wacce zai ɗaura. Amsarmu Cibié ce, ga kuma dalili.

Lucas 576 fitilar Ingila ce ta shekarun 1950 zuwa 1960. Faɗinta inci 5¾, bayanta ƙarfe ne mai ƙyalli, da ɗan tambarin kamfanin a ka. Iri biyu ce: SLR576 mai jefa haske nesa, da SFT576 ta hazo. Gidanta gaban motocin Ingila ne irin su MG, ko Austin-Healey, ko Triumph TR, ko Jaguar. Cibié kuwa ta Faransa ce, ƙasar Peugeot. Oscar faɗinta wajen milimita 180, Super Oscar wajen 220, kuma su ne suka cika gaban motocin rali a shekarun 1970, har Ford Escort ta Ingila ma su take ɗauka. A 1975 ne Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, a shekarar kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ɗan uwa, motarka ta wancan zamanin ce, Lucas 576 ta riga ta tsufa kafin nan. Duk wanda ya san harkar, kallo ɗaya zai yi ya gane ba tata ba ce.

Babban bambancin yana cikin ƙwan fitilar. Lucas ɗin an gina ta ne a kan tsohon ƙwai mai gindin BPF (salon gindin ƙwai na Ingila), wat 48, haskensa ja-ja ne. Cibié an gina ta a kan ƙwan halojin, wanda ya fara fitowa da samfurin H1 a 1962, wat 55. Tsofaffin Oscar da yawa H2 suke ci, na baya-baya H1, don haka buɗe taka ka duba gindin kafin ka sayi ƙwai. Wannan sauyi ya taɓa tayar da ƙura: a tseren Monte Carlo na 1966 motocin Mini Cooper S ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, amma aka soke su saboda sun sa irin wannan sabon ƙwai mai zare ɗaya a manyan fitilunsu, aka ba Pauli Toivonen nasara da Citroën DS. Ana sayar da ƙwan halojin mai gindin BPF, yana ƙara wa Lucas haske, sai dai madubinta ƙarami ne, ba za ta kamo Super Oscar ba.

Duba gilashin naka biyun da kyau. Gilashi garau wanda ba zane, haske ne siriri mai tafiya nesa. Mai 'yan layuka kaɗan yana baza haske gefe da gefe ba tare da ya rasa nisa ba, shi ya fi amfani a hanya mai lanƙwasa. Mai layuka rututu na hazo ne, haskensa faffaɗa ne gajere. A ƙurar hunturu siririn nan ba ya taimako, hasken dawowa yake yi ya doki idon direba. In gilashin rawaya ne kada ka canza shi, doka ce a Faransa motoci su yi haske rawaya har zuwa 1993, saboda haka daidai yake da zamanin.

Inda Lucas ta fi sauƙi shi ne ɗaurawa, ba ta da nauyi. Super Oscar tana da nauyi, in aka ɗaure ta da noti ɗaya a kan bamba kawai, a hanya mai gargada hasken zai riƙa rawa, daga baya ƙarfen gindin ya tsage. Mai walda ya yi maka mariƙi da ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, a ɗaure shi a jikin motar inda bambar kanta take ɗaure, sannan a ja siririn sanda daga saman kowace fitila zuwa jikin gaba. Ka kuma matsar da su gefe gwargwadon hali: faranti biyu masu wannan faɗi a gaban lagireto suna tare iska, a zafin Afrilu kuwa allurar zafi ba za ta yi maka kara ba.

Sai wuta. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan wajen amp 9, huɗu 18, huɗu masu wat 100 kuwa sun haura 33. Karanta ƙarfin altanetarka kafin ka yi zari. Kada mai wayarin ya jona su kai tsaye a makunnin manyan fitilu, makunnin zai yi zafi ya ƙone. A sa rile (makunnin da lantarki ke kunnawa) mai amp 30, waya mai girman 2.5 mm² daga batir, fis mai amp 15 dab da batirin ga fitilu biyu masu wat 55. Rilen ya karɓi umarni daga wayar dogon haske ta wani makunni na daban, ta yadda da ka sauke haske don motar da ke tahowa, su ma su mutu. Kowace fitila a ba ta wayar komawa jikin mota tata, don mariƙi mai fenti ko tsatsa shi ke sa haske ya dushe.

Kada ka taɓa ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana, kada kuma ka goge madubin ciki da tsumma, rufinsa fita yake yi. Wajen saiti, tsayar da motar a fili mai daidai, mita 10 daga bango, ka yi alama a tsayin tsakiyar fitilar, tsakiyar hasken ya sauka a kan alamar ko ƙasa da ita kaɗan. Akwai sabuwar Super Oscar mai LED, haskenta fari fat, amma ba ta 1975 ba ce. Lucas ɗin kuma ajiye su a busasshen wuri, masu gyaran MG da Triumph nemansu suke yi.