Sharhi: Famfon Feshi Mai Sola Na Kaskon Tsuntsaye a Lokacin Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin da ya fi kawo tsuntsaye tsakar gida a ƙasar Hausa shi ne ruwa, don kududdufai sun ƙafe. Hatsi na biye. Wannan ɗan famfo da ake sayarwa a intanet da shagunan kayan sola yana taimakawa ƙwarai, amma ba a yi shi da ƙurarmu a zuciya ba.

Faifai ne na roba, faɗinsa kusan santimita 16, sola a sama, ƙaramin inji da soson tacewa a ƙasa, sai kawunan feshi da ake sauyawa. Yana yawo a kan ruwa. Motsin ruwan da ƙararsa suna jawo kurciya da gwara da kabare fiye da ruwan da ke kwance. Nan kam babu gardama.

Matsalarsa ta farko hazo. Samfurin da na gwada ba shi da batir, saboda haka ranar da buji ya rufe rana sai ya riƙa feshi yana ɗaukewa. Ƙura kuma na kwanciya a kan solar, dole a goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle kullum da safe. Ta biyu iska: dogon kan feshi yana watsa ruwa waje, kasko ya ƙafe kafin azahar, injin ya yi ta juyawa a bushe har ya lalace. Maganinsa a cire kan gaba ɗaya, a bar ruwan yana ɓulɓulowa, a kuma tokare faifan da duwatsu uku don kada ya gangara gefe.

Kaskon ƙasa mai faɗin santimita 45 zuwa 50 ya fi roba, ba ya santsi, iska ba ta kifar da shi. Injin na buƙatar zurfin santimita 4 zuwa 5, wanda ya yi wa ƙananan tsuntsaye yawa. A zuba tsakuwa a gefe guda har ruwan wurin ya koma santimita 2. Ƙudan zuma ma a nan suke sauka ba su nutse ba.

A ɗora kaskon a kan kifaffen turmi, a fili, kimanin mita 2 zuwa 3 daga lemo ko zogale. In ya fi haka kusa, mage ta samu maɓoya. In ya yi nisa, babu wurin gudu idan shaho ya kawo sura. Gero ko tsakin dawa tafi ɗaya ya isa, a watsa nesa da ruwan don ƙaiƙayi na toshe soson. Mai kaji ya raba su da wurin saboda murar tsuntsaye.

Duk bayan kwana biyu a zubar da ruwan, a cuɗe kaskon ba omo, a wanke soso da farfela da tsohon buroshi. Injin ba ya aiki da dare, don haka bai hana sauro sa ƙwai ba. Farin dattin da ruwan rijiya ke bari kuwa, ruwan lemon tsami na cire shi.

Ya cancanci saye, amma a nemi samfurin da solarsa ke haɗe da doguwar waya: kasko a inuwa, sola a rana, ruwa ya fi daɗewa.