Hatsin kwali, ots ko ƙwai: wanne ya fi dacewa da ƙaramin yaro da safe?

Assalamu alaikum 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Kin ce ɗanki shekararsa 2 da rabi, yayarsa kuma 5, sannan tsakanin wanka da fita ba kya samun abin da ya wuce minti 15 na karin kumallo. Kin saba zuba musu hatsin kwali da madara, irin su konfleks da masu cakulan, amma kafin ƙarfe 10 ƙaramin ya fara rigima yana neman abin sawa a baki. Kina tambaya ko ki ci gaba da hakan, ko ki koma ots, wato hatsin nan mai kama da alkama da ake damawa kamar kunu, ko ƙwai da burodi.

A ganina ots da ƙwai ne ya kamata su riƙe miki mako, yau wannan gobe wancan, shi kuwa hatsin kwali ki ajiye shi don ranar da aka makara. Ba wai guba ba ne, har ma akwai inda ya fi sauran biyun, zan zo wurin.

Maganar lokaci ba ta da tsawo. Hatsin kwali minti 1 ne ko 2. Ots mai laushi yana dahuwa a minti 3 zuwa 5, idan kuma kin jiƙa shi da madara tun dare kin sa a firij, da safe ɗumamawa kawai za ki yi. Ƙwai idan aka kaɗa aka soya bai wuce minti 3 ba, dafaffe kuwa minti 10 ne, amma ba sai da safe ba, domin yana kai mako guda a firij da ɓawonsa. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce minti 4 da wanke tukunya ɗaya ba.

Inda suka rabu sosai shi ne sukari, kuma nan nake so ki tsaya. Ɗauko kwalin da ke gidanki, ki juya gefensa, ki nemi layin da aka rubuta adadin sukari a kowane giram 100. Kada ki bi na "kowane zubi", domin kamfani ne ya yanke girman zubin, yawanci giram 30, yara kuwa ba da sikeli ake zuba musu ba. Ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya yana da sauƙin riƙewa: giram 5 ko ƙasa da haka a cikin 100 kaɗan ne, abin da ya haura giram 22.5 kuma ya yi yawa. Konfleks marar komai yawanci bai kai giram 10 ba. Masu cakulan da masu rufin sukari, waɗanda ake zana musu dabbobi a jikin kwali, da yawansu sun haura giram 30. Ots zalla kusan giram 1 ne. Ƙwai kusan babu.

Yanzu ki yi lissafi. Giram 4 na sukari shi ne cokalin shayi 1. Idan hatsinki yana da giram 35 a cikin 100, to zubi ɗaya na giram 30 yana ɗauke da cokali 2 da rabi tun ba ki ƙara komai ba. A 2016 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada yaro mai shekara 2 zuwa 18 ya wuce giram 25 na ƙarin sukari a yini, wato kimanin cokali 6, wanda bai kai shekara 2 ba kuma kada a ba shi sam. Ke nan ɗanki ya cinye kusan rabin kasonsa kafin ya sa takalmi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2015 ta ce irin wannan sukarin kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a abinci, idan ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi.

Abin da ya fi damuna ma ba adadin na yau kaɗai ba ne, sabon harshe ne. Yaron da ya saba buɗe baki da zaƙi kullum safe, duk abin da aka kawo masa marar zaƙi sai ya ji shi salam. Wani bincike da masana na Jami'ar Yale ta Amurka suka wallafa a 2011 ya raba yara gida biyu a lokacin karin kumallo, aka ba wasu hatsi mai yawan sukari, wasu kuma mai ƙaranci, aka ajiye wa kowa sukari da 'ya'yan itace ya ɗiba yadda yake so. Waɗanda aka ba mai zaƙin sun sha sukari kusan ninki biyu na sauran, duk da cewa sauran sun ƙara da hannunsu. Masu marar zaƙin kuma su suka fi sa 'ya'yan itace a kwanonsu, kuma sun ce abincin ya yi musu daɗi. Shi ya sa ko za ki yayyafa rabin cokali da hannunki a kan ots, kin fi wadda ta sayi wanda aka riga aka zaƙaƙa.

A nan akwai tarko ɗaya. Ots ɗin da ake sayarwa a ƙananan ledoji da ɗanɗanon tuffa ko cakulan, shi ma da sukarinsa yake zuwa. Wanda nake nufi shi ne wanda idan kin duba jerin kayan haɗinsa ba za ki ga komai ba sai ots.

Sai rigimar ƙarfe 10. Mutane kan ce sukari ne ke sa yara ƙiriniya, amma da aka tattara bincike masu yawa a 1995 ba a samu hujjar hakan ba. Abin da ya fi kama da gaskiya a wurin ɗanki shi ne yunwa. Hatsin kwali an niƙa shi, an dafa, an matse, an gasa, don haka ciki ba ya shan wahalar narkar da shi. Wutar kara ce, nan da nan ta kama, nan da nan ta mutu. Abubuwan da ke riƙe ciki su ne furotin mai gina jiki, maiƙo, da faiba, wato ɓangaren hatsi da 'ya'yan itace da ke tafiya a hankali yana kuma tausasa bayan gida.

Ki jera su ki gani. Giram 30 na konfleks yana da furotin kusan giram 2, faiba kusan giram 1. Madarar da aka zuba ce ke ɗaga shi, rabin kofi yana ƙara kusan giram 4, to amma sau nawa kika ga yaro ya tsince hatsin ya bar madarar a gindin kwano? Giram 30 na ots yana da furotin kusan giram 4 da faiba kusan giram 3, kuma da yake a cikin madarar aka dama shi, ba yadda za a yi ya ci ɗaya ya bar ɗaya. Akwai wani nau'in faiba a cikinsa da ake kira beta-gulukan, shi ke ba shi wannan yauƙin, shi ke sa ya daɗe a ciki. Babban ƙwai 1 yana da furotin giram 6 da maiƙo giram 5, alhali abin da yaro mai shekara 1 zuwa 3 ke buƙata na furotin a yini duka kimanin giram 13 ne. Amma ƙwai ba shi da faiba ko kaɗan, idan kuma aka haɗa shi da farin burodi kullum ba ɗan itace, sai ki ga yaro yana nishi a kan fo. Abin da ƙwai ya rasa ots yana da shi, abin da ots ya gaza ƙwai ya cike, shi ya sa ban zaɓi ɗaya na yar da ɗaya ba.

Game da ƙwai akwai labari mai daɗi, akwai kuma abin da ke sa a yi taka-tsantsan. A ƙasar Ekwado an ba jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 ƙwai 1 kullum har wata 6, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin 100. Da aka maimaita irin wannan gwajin a Malawi, ba a ga bambanci a tsayin yaran ba. Abin da na ɗauka a nan shi ne ƙwai abinci ne mai albarka, gwaiduwarsa tana da bitamin D da B12 da sinadarin kolin da ƙwaƙwalwa ke buƙata, amma amfaninsa ya danganta da sauran abin da yaro ke ci. Kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Inda hatsin kwali ya yi zarra shi ne sinadarin ayon, mai gina jini. Yawancin kamfanoni suna ƙara shi da gangan, har zubi ɗaya kan ba da miligiram 2 ko fiye, yayin da ƙwai 1 ko giram 30 na ots ba su wuce kusan miligiram 1 ba. Ɗanki yana buƙatar miligiram 7 a yini, yayarsa 10, kuma ƙarancin jini ya yi yawa a yara masu wannan shekarun. Don haka idan yaro ba ya cin nama, kifi ko wake, hatsin kwali marar sukari da aka ƙara wa ayon yana da gurbinsa a gidanki. Ko wanne kika ba su, ki ajiye ɓarin lemu ko yankan mangwaro a gefe, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya zuƙi ayon. Shayi akasin haka yake yi, yana tare shi. Madara ma idan ta yi yawa tana cika ciki ta hana cin abinci, kimanin rabin lita a yini ya ishi ƙaramin. Ruwan 'ya'yan itace kuwa, ko na zalla ne, likitocin yara na Amurka sun ce kada ya wuce mililita 120 a yini ga ɗan shekara 1 zuwa 3, ɗan itacen kansa ya fi.

Ta fuskar haɗari, ots ne ya fi sauƙi, sai dai ki juya shi sosai ki ɗanɗana, domin samansa kan huce alhali cikinsa na ƙuna. Ƙwai a dafa shi har farin da gwaiduwar su daskare. Gwaiduwar dafaffen ƙwai tana da bushewa, tana iya sa yaro ya ƙware, sai ki murƙushe ta da cokali mai yatsu ki sa ɗan madara ko yogot ta yi laushi, ki shafa a kan burodin da kika yanka sirara kamar yatsa. Idan za ki ƙara wa ots gyaɗa, niƙaƙƙiya za ki sa ki gauraya, gyaɗa ɗai-ɗai ba ta yaron da bai kai shekara 5 ba ce. Inabi a tsaga shi ta tsawo gida huɗu. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, na faɗa ne saboda masu goyo. Idan kuma kin taɓa ganin ƙuraje, kumburin leɓe ko amai bayan ya ci ƙwai ko gyaɗa, ki dakata sai likita ya duba shi. Kuma a zaune za su ci, kina kusa, ko da kuwa kina ɗaura ɗankwali ne.

To wanne zai yarda ya ci? Nan ne iyaye mata da yawa ke sarewa. Kin dama ots, kin ajiye, ya sa yatsa ya taɓa, ya kalle ki, ya ture kwanon. Wannan ba ya nufin ya ƙi shi har abada. Yaro kan buƙaci a kawo masa sabon abinci sau 10 ko fiye kafin ya karɓa, kuma bayan shekarar farko girmansa yana rage gudu. Jariri kan ninka nauyinsa sau 3 a shekarar farko, amma a ta biyu abin da yake ƙarawa bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba, don haka cinsa ma dole ya ragu. Rabin ƙwai da rabin yankan burodi da 'yan yankan ayaba cikakken karin kumallo ne ga ɗan shekara 2. Cokali 4 ko 5 na ots ma haka. Ke ce mai zaɓar abin da za a ci da lokacin ci, shi kuma ki bar masa yawan da zai ci. Ɗura da lallashi da alkawarin alewa ba sa ƙara komai sai faɗa. Ki kuma yi amfani da yayarsa, domin abin da ya ga tana ci da daɗi ya fi saurin kai hannu gare shi fiye da wanda kika roƙe shi.

Kada ki ɗauke kwalin rana ɗaya. Ki fara da haɗa mai zaƙin da marar zaƙi rabi da rabi, bayan kwanaki ki rage na farkon, har ya zama yayyafi ne kawai a sama. Ots kuma ki murƙushe ayabar da ta nuna sosai a ciki tun yana kan wuta, zaƙinta zai wadatar, wata rana ki goga tuffa, wata rana ki sa cokalin yogot marar sukari. Da dare ki dafa ƙwai na kwana 2 ko 3 ki ajiye. Ranar da aka makara ƙwarai, ki zuba hatsin kwalin ba tare da jin kin gaza ba, ki dai yanka ayaba a kai, ki ɓare ƙwai 1 ki raba musu.

Idan kin gwada haka mako 2 ko 3 amma har yanzu yana yawan kasala, ko cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, ko kin ga nauyinsa ya tsaya, ki kai shi a auna jininsa da nauyinsa, kada ki tsaya canza abinci kawai.