Kofi ko sikeli wajen auna bota?

'Yar uwa da kika tambaya ɗazu, wai kin ga resipin kek ɗaya ya ce kofi ɗaya na bota, wani kuma ya ce giram 225, wanne za ki bi kuma ya ake juya wannan zuwa wancan. To ai kusan abu ɗaya suke faɗa, sai dai hanyar aunawar ce ta bambanta.

Kofi ɗaya na bota a awon Amurka giram 227 ne, masu rubuta resipi sai su zagaye shi zuwa 225. Rabin kofi giram 113, shi ne sanda ɗaya, dogon yankan nan da suke naɗewa a takarda, babban cokali takwas ke cikinsa. Babban cokali ɗaya wajen giram 14, ƙaramin cokali kusan 5. Idan kika riƙe 14 ɗin nan a kanki ma ya isa, sauran ninkawa ne kawai.

Yanzu kofi da sikeli. Kofi dai kowa na da shi, ba batir ba komai, kuma in miya ce ko ɗan soye-soye babu wanda zai gane kin ƙara cokali ko kin rage. Matsalarsa ita ce bota ba ruwa ba ce, in ta fito daga firij da tauri sai ki yanka ki cusa a kofi amma ƙasan duk ramuka ne na iska, ki ga kamar ya cika alhali bai cika ba, in kuma kika jira ta yi laushi kika danna da bayan cokali sai ki ƙare da kankare kofi, wani abu ya manne a jiki, ga wanki mai maiƙo. Sannan kofin ma ba ɗaya ba ne a duniya. Na Amurka wajen mililita 240, na Ostiraliya 250, babban cokalin Ostiraliya kuma mililita 20 ne ba 15 ba. Don haka ki duba daga ina resipin ya fito.

Sikeli babu ruwansa da duk wannan. Ki ɗora kwano, ki danna ya koma sifili, ki riƙa yanka bota kina sakawa har lambar ta kai. Da tauri, da laushi, ko narkakkiya, giram 113 dai giram 113 ne. Ni kam in kek ne ko biskit ko duk abin da zai shiga oven, sikeli nake ba wa gaskiya, saboda bota in ta yi yawa biskit bajewa yake a faranti, in ta yi kaɗan kek ya fito a bushe.

In ba ki da sikeli kuma botar taki dunƙulen giram 250 ce, ki yi amfani da wuƙa. Rabinsa 125, ya ɗan fi rabin kofi da kusan babban cokali ɗaya, sai ki ɗan gutsure. Dunƙulen gaba ɗaya kofi ne da babban cokali ɗaya da rabi.

Abu ɗaya don Allah, kar ki ɗauki 227 ɗin nan ki kai kan fulawa ko suga. Kofin fulawa wajen giram 120 zuwa 125 ne, na suga 200. Haka botar nan da aka buga ta ta yi kumfa ake sayarwa a roba, iska ce cike da ita, kofinta ba ya kai 227, ita kam dole sai sikeli.