Gyale ko bargo: alharinin Suzhou

A masana'antar alharini da muka shiga da iyali a Suzhou, ƙasar Sin, gidan tsutsa iri biyu ake warewa, wato kwanson da tsutsar alharini ke saƙawa ta lulluɓe kanta, wanda daga shi ake samun zaren. Wanda tsutsa ɗaya ta saƙa, a ruwan zafi ake jiƙa shi a kamo bakin zaren, mai tsawon kusan mita 1,000. Da shi ake saƙa gyale mai sheƙi, sai dai akwai tsada, ga son lallaɓawa wajen wanki.

Wanda tsutsa biyu suka saƙa tare kuwa, zarensa a sarƙe yake, ba ya warwaruwa. Sai a buɗe shi kamar hula, mata huɗu su ja gefe-gefe, shimfiɗa kan shimfiɗa, har ya zama bargo. Ni bargon na zaɓa: ba nauyi, ga ɗumi lokacin hunturu.